Nisa, Kusurwa da Tsayi: Lissafin Abin da Ke Tafiya Yana Juyawa

Duk wanda ya taɓa gittawa ta gefen dogon benen da ake ginawa a Abuja ko Legas ya san ƙugiyar nan ta ɗaga kaya, mai ƙafa ɗaya a tsaye da dogon hannu a kwance. Direbanta yana can sama cikin ɗan ɗakin gilashi, kuma abu uku kawai yake iya yi wa kayan da ya ɗauko. Yana iya juya hannun ƙugiyar ya zagaya. Yana iya tura ɗan keken da ke bin jikin hannun ya yi waje ko ya dawo ciki. Sannan yana iya sakin igiyar ƙarfe ko ya naɗe ta. Da waɗannan ukun yake sauke damin rodi daidai inda magina ke jira.

Ko ya sani ko bai sani ba, direban nan yana aiki ne da tsarin da injiniyoyi ke kira ma'aunin silinda. A wannan tsari lamba uku ke bayyana inda abu yake: nisansa daga ginshiƙin tsakiya, wanda ake rubutawa da r; kusurwar da ya juya daga wani layi da aka tsayar, wadda ake rubutawa da harafin Girka θ, ana kiransa tita; da kuma tsayinsa daga ƙasa, wato z. Sunan silinda ya samo asali ne daga siffar da ke fitowa in an riƙe nisan bai canza ba, aka bar abin ya yi ta zagaye yana hawa da sauka, domin duk inda ya taka yana jikin bangon silinda ne. Kamar akuya ce a turke: in an san yawan igiyar da ta ja da kuma ɓangaren da ta nufa, an san inda take.

Ɗaliban injiniya a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna cin karo da wannan darasi a fannin ilimin motsi, kuma yana cikin fitattun littattafan fannin, irin na Russell Hibbeler. Kafin a fara lissafi akan mayar da abin da ke tafiya ɗigo guda mai nauyi. Ko tan biyu na rodi ne, ba a damu da faɗinsa ko siffarsa ba, hanyar da yake bi kawai ake dubawa.

Mai karatu zai iya tambaya, ina aka bar x da y da aka koya a sakandare? Suna nan. Wancan tsari, wanda ake jingina wa René Descartes na Faransa da littafinsa na 1637, ya dace da abin da ke tafiya a miƙe ko dutsen da aka jefa. Amma a gwada shi a kan kayan da ƙugiya ke zagayawa da su. Kayan abu ɗaya tak suke yi, wato zagaye, sai ga x da y duka biyun suna ta hawa da sauka, kowanne da nasa lissafin. A ma'aunin silinda kuwa r yana tsaye, z yana tsaye, θ kaɗai ke ƙaruwa. Aiki ya ragu tun ba a ɗora alƙalami ba.

Tunanin bayyana wuri da nisa da kuma ɓangaren da yake ya daɗe a duniya. Masana Musulmi sun sha fama da shi wajen neman alƙibla, kuma Al-Biruni ya kammala littafi a 1025 inda ya lissafa alƙiblar garin Gazna da ke ƙasar Afganistan ta yau. A Turai, Isaac Newton ya yi amfani da nisa da kusurwa a wani rubutu da ya yi wajen 1671, wanda ba a buga ba sai 1736, Jacob Bernoulli kuma ya yi aiki da su a 1691.

Gudu ba shi da wuyar fahimta a wannan tsari, kashi uku yake rabuwa. Akwai saurin fita waje ko dawowa ciki, akwai saurin hawa ko sauka, sai kuma saurin gefe, wanda shi ne nisa sau saurin juyawa. A ɗauka hannun ƙugiya yana gama zagaye ɗaya a sakan 90. Injiniyoyi suna auna kusurwa da radiyan, zagaye ɗaya kuwa radiyan 6.28 ne, don haka saurin juyawar ya kama radiyan 0.07 a sakan. Kayan da ke mita 10 daga ginshiƙi suna tafiyar mita 0.7 a sakan, tafiyar tsoho mai sanda ma ta kusa cim musu. A tura su mita 40, juyawar ba ta canza ba, amma yanzu suna sheƙa mita 2.8 a sakan, kusan kilomita 10 a awa. Shi ya sa direba mai hankali yake lallaɓa juyi in kaya suna can ƙarshen hannu.

Inda gizo ke saƙa shi ne sauyin gudu. Dokar Newton ta biyu ta ce ƙarfin da ke kan abu daidai yake da nauyinsa sau sauyin gudunsa, don haka wanda zai zaɓi kaurin ƙarfe ko girman inji ba shi da mafita sai ya san wannan sauyi. Matsalar ita ce, a tsarin Descartes gabas gabas ce har abada, a nan kuwa "waje" da "gefe" suna juyawa tare da abin da ke tafiya. Wajen da hannun ƙugiya ke nunawa yanzu ba shi zai nuna ba bayan sakan goma. Gudu kuwa ba sauri kaɗai ba ne, har da inda aka dosa, saboda haka ko saurin bai ƙaru ba, sauya alƙibla sauyin gudu ne. Daga nan ne wasu gaɓoɓi biyu ke shigowa cikin lissafin, waɗanda ɗalibai da yawa ke haddacewa don jarrabawa ba tare da sun san me suke nufi ba. Wannan asara ce babba, domin gaɓoɓin nan biyu su ne suka fi kowane sashe na darasin bayyana a rayuwar yau da kullum.

Ta farko ita ce nisa sau saurin juyawa sau saurin juyawa, kuma tana fuskantar tsakiya. Ma'anarta, duk abin da ke zagaye dole wani abu ya riƙa janyo shi ciki, in ba haka ba zai wuce a miƙe. A ɗakin gwajin jini na asibiti ana ganinta kullum. In likita ya rubuta a duba PCV, don a san ko jinin mai ciki ko na yaron da zazzaɓin cizon sauro ya galabaitar ya yi ƙasa, ma'aikaci zai ɗebi jinin cikin siririn bututun gilashi, ya toshe baki ɗaya, ya jera shi a kan faifan injin juyawa, toshen yana kallon waje. Injin yakan yi kamar minti biyar yana juyi kusan 12,000 a minti. Hakan juyi 200 ne a sakan, wato radiyan 1,257. In ƙarshen bututun yana santimita 9 daga tsakiya, lissafin yana ba da kimanin mita 142,000 a sakan a kowane sakan, ninki fiye da 14,000 na jan da ƙasa ke yi wa abin da ya faɗo. Jajayen ƙwayoyin jini sun fi ruwan jinin nauyi, sai su danne a ƙarshen waje, ruwan mai launin rawaya-rawaya ya rage a ciki, a auna tsawon jan a faɗi kashi nawa ne cikin ɗari. Tun da saurin juyawa sau biyu ya shiga lissafin, in an ninka shi, ƙarfin ninki huɗu yake yi. Wannan ne dalilin da ya sa ake sa bututu daura da bututu, kada nauyi ya karkata gefe guda injin ya kama jijjiga.

Gaɓa ta biyu ta fi ban mamaki. Biyu ce sau saurin fita waje sau saurin juyawa, kuma gefe take turawa. Ba ta bayyana sai abu yana fita waje ko yana dawowa ciki a daidai lokacin da yake zagaye. Sunan Gaspard-Gustave de Coriolis take ɗauke da shi, injiniyan Faransa da ya yi bayaninta a 1835 cikin nazarinsa kan injuna masu sassa masu juyawa.

Me ya sa biyu? Domin sababi biyu ne suka haɗu. In keken ƙugiya yana fita waje, kayan suna barin wurin da saurin gefe yake kaɗan zuwa inda yake da yawa, to dole a tura su gefe su cim ma wannan sauri. Rabi ke nan. Ɗaya rabin kuma, ita kanta tafiyar zuwa waje tana sauya alƙibla saboda hannun yana juyawa. A misalin ƙugiya na baya, in keken yana fita da mita ɗaya a sakan, gaɓar tana ba da mita 0.14 a sakan a kowane sakan. A kan kaya mai tan biyu, turin ya yi daidai da nauyin kilo 28 zuwa 29, a kwance, a gefen hannun ƙugiya. Ba wani abin tsoro ba ne ga ƙarfe, amma kaya a igiya suke rataye, kuma ya isa ya sa su lilo a kan mutanen da ke ƙasa.

Manomin rani a fadamun Kano, Jigawa da Sakkwato yana cin moriyar wannan gaɓa duk ranar da ya tayar da injin ban-ruwa. Ruwa yana shiga ta tsakiyar fankar da ke cikin injin, inda saurin gefe kusan babu. Fuka-fukan fankar suna bi da shi zuwa baki, kuma a kowane ɗan taki na wannan fita suna tura shi gefe, suna zuba masa ƙarfin da fetur ya samar. In ya kai baki, kwanson injin mai siffar katantanwa ya rage masa gudu ya mayar da shi matsi, wanda ke kai ruwan ta tiyo har cikin kwamin albasa ko tumatir. In yashi ya cinye fuka-fukan, injin zai yi ta ƙara yana shan mai, ruwa kuwa na fitowa a sanyaye.

Lissafin bai tsaya a kan injuna ba. Rana tana jan duniya ne kai tsaye zuwa gare ta, ba ta tura ta gefe ko kaɗan. Saboda haka jimlar sauyin gudu na gefe sifili ce, kuma in aka warware wannan sai a ga cewa nisa sau nisa sau saurin juyawa ba ya canzawa. Johannes Kepler ya gano hakan a 1609 daga bin tafiyar tauraron Mirrihu, Newton kuma ya kawo dalilinsa a 1687. A farkon Janairu duniya tana kimanin kilomita miliyan 147 daga rana, tana gudun kilomita 30.3 a sakan. A farkon Yuli ta koma miliyan 152, gudun ya sauka zuwa 29.3. Wato lokacin da mutanen Kano da Damagaram ke jin ɗumi a bakin wuta saboda hunturu, a lokacin ne duniya ta fi kusa da rana. Sanyin daga karkatar duniya yake zuwa, mai digiri 23 da ɗan ɗori, wadda ke kawar da rabinta na arewa daga rana a waɗannan watanni.