Tsohon keken ɗinki: yawanci mai ne ya daskare, ba mutuwa ya yi ba

A gidaje da yawa akwai wani baƙin keken ɗinki da aka jingine a lungu, an jibga masa kwanuka da tsummokara. In ka tambaya sai a ce maka ai ya lalace, tun Hajiya Babba tana da ƙarfinta rabon da a taka shi. Ƙarshensa yakan zama hannun 'yan gwangwan, su ɗora shi a sikeli su biya kuɗin ƙarfe. Alhali yawancin irin waɗannan kekuna babu abin da ya karye a cikinsu. Mai ne ya bushe, ƙura ta shiga, gaɓoɓin suka cije.

Irin keken nan daga Isaac Singer ya samo asali, wanda ya yi wa kekensa rajistar mallaka a Amurka a 1851. Daga baya kamfaninsa ya gina katafariyar masana'anta a Clydebank ta ƙasar Sikotilan, wadda ta yi aiki har 1980. Samfurin da aka ƙera a can ana liƙa wa lambarsa harafin K, kamar 15K ko 99K. A kan gadon keken kuma, ta hannun dama, akwai wata doguwar lamba da ake gane shekarar ƙira da ita. Samfuri na 15 shi ne masana'antun Japan suka kwaikwaya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, na Sin ma suka bi sahu, har da Butterfly ɗin da ya cika shagunan telolinmu. Wannan kwaikwayo ya yi wa mai tsohon keke rana, domin sau da yawa allura da kwarkwaro da gidan kwarkwaron da ake sayarwa a kasuwa yau suna shiga keken da ya girmi mai saye.

Jikin keken zubin ƙarfe ne, sandunan cikinsa ma ƙarfe, babu roba. Abin da yake buƙata kawai shi ne siririn mai a duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. To a nan ake kuskure. Man keke ya ƙare, sai a ɗebo man gyaɗa daga kicin a ɗiga. Ranar zai yi santsi, amma man girki idan ya daɗe yana shan iska yakan yi kauri ya daskare kamar ƙaro. Baƙin man mota kuma ya yi nauyi, ga kama ƙura. Haɗa wannan da ƙurar hunturu da burbushin yadi na shekaru, sai wili ya ƙi juyawa.

Mai son farfaɗo da shi ya fara da ɗaukar hoto da waya kafin ya kwance ko sukuru ɗaya, don ya san inda kowane abu zai koma. Sai ya cire allura da ƙafa da farantin da ke ƙarƙashinsu da gidan kwarkwaro. Tsakanin haƙoran da ke jan yadi zai tarar da burbushi ya dunƙule ya yi tauri, wani lokaci sai an sa tsinke an banɓaro shi. Daga nan a ɗiga kananzir a kowace ƙofar mai, a kwantar da kan keken a ɗiga a gaɓoɓin ƙasa, a bar shi ya kwana. Washegari a riƙa motsa wilin gaba da baya a hankali. In ya ƙi, a ƙara kananzir, a ajiye shi inda zai ɗan ji ɗumi, a sake jira. Guduma da filaya ba su da aiki a nan. Idan ya saki, baƙin ruwa zai riƙa tsiyayowa, a goge, sannan a bi da man keke na ainihi, mai haske kamar ruwa, ɗigo ɗaya a kowane wuri. Kananzir wanki kawai yake yi, bushewa zai yi ya bar ƙarfen ƙaf.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wankin jiki. Baƙin fentin nan gasa shi aka yi a kan ƙarfen, aka liƙa zanen ruwan zinari, sannan aka rufe da wani siririn sinadari mai sheƙi da ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da Tailan. Sinadarin nan sipirit na narkar da shi, haka ma man tsabtace hannu mai sipirit a ciki. Ruwa da garin sabulu kuma sukan kutsa ta inda ya tsattsage, zinarin ya koma fari, daga nan ya goge gaba ɗaya. Zanen da ya yi shekara saba'in yana nan, soson ƙarfe zai share shi cikin minti guda. Abin da ya dace shi ne man keken nan dai a kan tsumman auduga mai taushi, a shafa, a bari dattin ya jiƙa, a goge ba tare da dirzawa ba. Masu kai shi wurin mai fentin mota a feshe shi, a ganina asara suke yi. Gara tsohon zane da ya ɗan koɗe da sabon fentin da ya binne shi. Tsatsa kuwa, a kan fararen ƙarafan da aka ciro kaɗai za a goge ta.

Saura ɗinki. Allura takan nutsa da zare, ta ɗan ɗago kamar milimita biyu, zaren ya yi ɗan lanƙwasa a bayanta, sai tsinin shatil ya cafke shi ya zagaya da shi kan zaren kwarkwaro. Idan keke yana tsallake ɗinki, kada a yi saurin cewa taimin, wato daidaiton haɗuwar allura da shatil, ya goce. A fara duba allurar, ko ta lanƙwashe ko an sa ta a juye, domin ɓangaren da shafaffen gefenta ke fuskanta ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Idan zare yana cukurkuɗewa a ƙasan yadi, laifin yawanci na zaren sama ne. A ɗaga ƙafa, a zura tsumma tsakanin faya-fayan tenshin da ke matse zaren sama a fitar da datti. In duk an yi wannan bai gyaru ba, to aikin ya zama na makanike.

Bel ɗin fata da ya saki, yanke ɗan guntu ake yi a sake haɗa bakin da waya. Keken da ya zo da tsohon moto kuma kada a jona shi sai mai gyaran lantarki ya duba wayoyinsa, musamman na Amurka da aka ƙera don wuta mai ƙarfin 110, alhali tamu 230 ce. Mai feda dai ba ruwansa da ɗauke wuta ko tsadar fetur.

Don haka in akwai irinsa a gidanku, a sauke masa kwanukan, a sayo kwalbar kananzir da ta man keke, a ba shi mako guda kafin a kira mai sikeli.