Bayani a kan Huɗar Fadama da Kyawun Ƙwayar Alkama

Ku sani, ya ku malamai da fatake, abincin mutumin Kamarawa gero ne da dawa, haka kuma na Isa da Sabon Birni. Alkama kuwa shukar rani ce, ta wanda ya gangara fadama bayan ruwan gulbi ya janye, ya shuka ta cikin Nuwamba domin ta sha sanyin hunturu, ya yanke ta kafin zafin bazara ya kama. Tun zamanin ban ruwa da jigo ba ta zama abincin kullum ba, ta alkaki ce da finkaso da taliya.

Falken da ya san alkama, in ya tsaya gaban buhu a kasuwar Shinkafi, ya kan jefa 'yan ƙwayoyi a baki ya tauna. In sun bar danƙo, ya saya. In sun watse gari, ya rage kuɗi. Wannan danƙo shi ke riƙe kwaɓi har burodi ya tashi, kuma daga furotin yake, wanda masu burodi ke son ya kai wajen kashi 12 cikin 100. Asalinsa kuwa naitirojin ne, watau abincin shuka da ke fitowa daga taki da ruɓaɓɓen kara. To, huɗa ita ce mai hukunci a kan wannan abinci, ko ya zauna ko ya gudu.

Huɗa mai zurfi da tarakta ta kan birkice ƙasa, iska ta shige ta, abin da ya ruɓe a ciki ya narke da gaggawa, ya saki amfaninsa gaba ɗaya. Shekarar fari gona ta yi kyau, mai ita ya yi murna, alhali kuwa uwar kuɗi yake ci yana zaton riba ce. In aka daɗe a haka sai ƙasa ta yi fari, ta kasa riƙe laima, sa'an nan ƙarƙashinta ya daskare daidai inda bakin garma ke tsayawa kowace shekara, har saiwa ta gaza ratsa shi. Ƙwayar irin wannan gona ta kan fito fara, mai gari, marar danƙo.

Wanda ya taƙaita huɗa, ya bar tushiya da ganye a kan gona, ƙasarsa ta fi daɗewa da sanyi da laima, kuma ba ya ɓata kwanaki yana jiran garma. Da wannan dabara manoman Haryana da Fanjab na ƙasar Indiya suka riƙa shuka alkama a bayan shinkafa ba tare da huɗa ba, tun ƙarshen shekarun 1990, suka riga zafi. Amma fa akwai sharaɗi. Ƙananan halittun da ke ruɓar da kara su kan ranci naitirojin daga ƙasa tukuna kafin su biya, saboda haka a shekarun farko danƙo ya kan ragu, sai fa an ƙara taki, an kuma raba yuriya, kashi lokacin shuka, kashi kafin alkama ta fid da kai. Na ƙarshen nan shi ya fi shiga ƙwaya.

Wuyar al'amarin a ƙasar Gobir ita ce kara ba shara ba ne; abincin dabba ne, makamashi ne, darni ne. A da shanun Fulani su kan kwana a gona bayan girbi, su ci kara, su biya da kashi, ƙasa ba ta yi hasara ba. Rashin zaman lafiya na shekarun nan ya raunana wannan ciniki, har manomi da yawa ya koma kwashe kara zuwa gida, ya bar gona tsirara, ba kara, ba taki.