Dutin Dare Ga Sabuwar Ma'aikaciyar Jinya

Tun da yake ciwo ba ya lura da faɗuwar rana, naƙuda kuma ba ta jiran wayewar gari, ya zama wajibi kowace al'umma ta sami waɗansu daga cikinta da za su hana idonsu barci domin saura su kwanta, wanda kuwa shi ne irin aikin da malamai suke kira farillar kifaya, har Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci a wannan babi cikin Ihya'u Ulumiddini. Saboda haka yarinyar da ta yi shekara uku a makarantar koyon jinya, ta ci jarrabawar Majalisar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, ta karɓi lasisi, ba za ta daɗe da kama aiki ba sai ta ga an rubuta mata dutin dare a rosta.

Galibin asibitocinmu sun kasa aikin kashi uku, na safe da na yamma da na dare, na daren kuwa shi ya fi tsawo, domin yakan fara bayan lisha ya kai ƙarfe takwas na safe, kuma a wurare da yawa akan jera wa mutum darare kamar mako guda, sa'an nan a ba shi hutu gwargwadon haka. A Ingila da Amurka an fi sabawa da dutin awa 12, kwana uku ko huɗu a mako. Akwai kuma wadda takan zaɓi dare zalla, saboda karatu ko renon yara.

Amma kafin a yi maganar zaɓi, ya kamata a san cewa wahalar dare ba ragwanci ba ce, halitta ce, domin Allah Ya sanya wa jikin ɗan Adam wani agogo na ɓoye wanda yake bin haske da duhu, ta yadda idan dare ya yi sai ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin melatonin mai jawo barci, zafin jiki ya yi ta sauka har ya kai matuƙa wajen ƙarfe huɗu na asuba, daidai lokacin da ake bukatar nas ta auna allura, ta duba ƙarin ruwa, ta lura da numfashin wanda jikinsa ya tsananta. Binciken wannan agogo ne ya sa Amurkawa uku suka sami kyautar Nobel a 2017, kuma a 2019 hukumar binciken ciwon daji da ke Liyon a Faransa ta sa aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya haddasa wannan cuta. Ba don tsoratarwa na kawo wannan ba, sai don a daina ɗaukar tsara rosta ƙaramin al'amari.

A ganina, sabuwar da aka ba ta zaɓi kada ta fara da dare zalla, ko da hutunsa ya ba ta sha'awa, domin da rana ne manyan likitoci suke zagayen ɗaki, sista da metiron suna kusa, ana gyara wa mutum kuskure tun bai zama ɓarna ba, alhali da dare ma'aikata kaɗan ne, wani lokaci ga ɗaukewar wuta, ga 'yan jinya suna ta kira, likita kuwa sai an aika a taso shi. Abin da ya fi maslaha shi ne ta yi watanni tana juyawa, daga safe zuwa yamma, daga yamma zuwa dare, domin jinkirta barci ya fi wa jiki sauƙi bisa gaggauta shi. In kuma daren ya zo, a haɗa ta da wadda ta goge, kada a bar mata ɗaki ita kaɗai. Rostar da za ta sauke mutum daga dutin dare ta ce ya dawo da yammacin ranar, wannan zalunci ne ga nas, kasada ce ga majinyaci. Batun alawus ɗin duti kuwa tsohon ƙorafi ne, har yana cikin bukatun ƙungiyar nas-nas ta ƙasa a yajin aikin gargaɗi na ƙarshen Yulin 2025.

Nas ɗin ita ma akwai nata tadbiri: ta yi ƙailula kafin ta fita, ta sha shayi ko ta ci goro a farkon dare ban da gab da asuba, ta rubuta abin da ya faru nan take kada ta dogara da tunawa a lokacin miƙa aiki.

Sauran magana tana ga mutanen gida, waɗanda sukan ga mace kwance da hantsi su ce ai tana nan, a tashe ta girki, ko gaisuwar baƙi, ko rakiyar biki. Ya ku iyaye da mazaje, wadda ta kwana a kan marasa lafiyarku, ku ja mata labule, ku kore mata yara, ku bar ta ta yi barcinta har azahar.