Shafen siminti a kan ginin ƙasa: abin da ake faɗi da kuma gaskiyar magana

A ƙasar Nijar gidaje da yawa na ƙasa ne. A damanar shekara ta 2024 ruwa mai yawa ya rushe gidaje masu ɗimbin yawa, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi. Saboda tsoron haka, magidanta da dama suna shafe bangonsu da siminti. Kafin ku kashe kuɗinku, ku san waɗannan abubuwa.

1. Ana cewa siminti yana hana ruwa shiga bango har abada.

Ba haka ba ne. Ƙasa tana kumbura idan ta jiƙa, tana tsukewa idan ta bushe. Shi kuwa siminti ba ya motsi. Don haka ba sa riƙe juna da kyau. A hankali shafen yana tsagewa, ruwa ya bi ta tsagar ya shiga bayansa.

2. Ana cewa muddin shafen yana da kyau a ido, bangon lafiya yake.

Wannan kuskure ne mai haɗari. Bangon ƙasa yana fitar da danshinsa idan rana da iska sun buge shi. Siminti yana tsare danshin a ciki, ƙasar ta yi laushi ba tare da kowa ya gani ba. Gara ma tana samun maɓoya. Ku ƙwanƙwasa shafen da hannu. Idan ya yi ƙara kamar ganga, ya riga ya rabu da bangon.

3. Ana cewa yaɓen gargajiya aikin talauci ne, ba ya ƙarko.

Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce. Masallacin Yama, a jihar Tawa, da aka fara ginawa a 1962, shi ma na ƙasa ne. Kulawa ce take raya su. Maginan Hausa sun daɗe suna haɗa yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin ruwa ya riƙa zamewa.

Me ya kamata a yi?

Ku sabunta yaɓe kafin damana, musamman bangon gabas, inda hadari ya fi bugawa.

Ku sa indararo mai tsawo, don kada ruwan rufi ya zuba a jikin bango.

Ku tara ƙasa a gindin bango, ku buɗe wa ruwa hanya ya yi nesa da gida.

Idan dole ne ku yi shafen siminti, ku nemi ƙwararren magini. Ya fara kafa ragar waya a bangon domin shafen ya samu abin kamawa. Duk tsagar da ta bayyana, ku toshe ta tun tana ƙarama.

Idan bango ya jiƙe ya fara karkata, kada kowa ya kwana a ɗakin.