Karen Makaho da Karen Gata

Bahaushen da ya sauka Landan ko Balin karon farko, akwai abin da zai ba shi mamaki tun kafin sanyi ya gama shigarsa. Zai shiga gidan shan shayi ya zauna, an kawo masa kofi da ɗan burodi, yana shirin yin bismilla, sai ya ji wani abu mai gashi ya gogi ƙafarsa. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, sai ga ƙaton kare a kwance, ya ɗora haɓa a kan takalmin uwar ɗakinsa. Babu wanda ya ɗaga kai, babu wanda ya ce "kai, fita!" Wataƙila ma ma'aikaciyar wurin ta kawo wa karen ruwa a kwano kafin ta kawo wa baƙon namu sukari.

A wurinmu kare yana da gurbinsa: ƙofar gida, bayan garke, ko gaban mafarauci. A can kuwa da yawa sun mai da shi ɗan gida. Yana da suna, yana da likitansa, yana kwana a ɗaki, wani ma a kan gado. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, ba wannan ne abin magana ba. Abin maganar shi ne su kansu Turawan ba su daidaita a kan inda ya kamata wannan ɗan gida ya tsaya ba. Musamman a Amurka, an daɗe ana ka-ce-na-ce: shin ya dace mutum ya shiga kanti, ko gidan abinci, ko jirgin sama da karensa? Wasu sun ce ƙazanta ce da son kai. Wasu sun ce ai karensu ya fi 'ya'yan wasu ladabi.

Ba za a gane bakin zaren wannan gardama ba sai an raba karnukan gida biyu, domin a idon doka ba ɗaya suke ba.

Na farko shi ne kare ma'aikaci, wanda aka horar don ya taimaki mai naƙasa. Asalinsa daga yaƙi ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya dubban sojojin Jamus sun koma gida babu ido, sai aka buɗe makarantar horar da karnukan jagora a garin Oldenburg a 1916. Wata Ba'amurkiya mai kiwon karnuka a Suwizalan, Dorothy Eustis, ta ga irin wannan aiki ta yi rubutu a kai. Aka karanta wa wani matashi makaho mai suna Morris Frank rubutun, ya ce shi ma yana so. A 1928 ya tafi Suwizalan ya dawo da karya mai suna Buddy, kuma a gaban 'yan jarida ya tsallaka wani titi mai cunkoson motoci a Niyok, ba wanda ya riƙe masa hannu. A 1929 suka kafa makarantar The Seeing Eye, wadda har yau tana aiki. Birtaniya ta bi sahu a 1931.

Mu da muka saba ganin makaho da ɗan jagora, yaro a gaba riƙe da bakin sanda, ya kamata mu fi kowa gane darajar wannan kare. Aikin yaron nan shi yake yi, sai dai shi ba a hana shi zuwa makaranta ba don ya yi. Ana shafe wajen shekara biyu ana renonsa da horar da shi. Yana tsayawa a bakin titi, yana kauce wa rami, yana nemo ƙofa da matakala. Abin da ya fi burge ni shi ne ana koya masa ƙin bin umarni: in maigidansa ya ce a tsallaka alhali ga mota tafe, sai ya kafe ya ƙi motsi. Akwai kuma waɗanda aka horar su sanar da kurma cewa ana buga ƙofa, ko su ankarar da mai ciwon suga cewa sugansa ya faɗi, ko su tsaya kan mai farfaɗiya idan ta buge shi. Irin wannan kare in ya shiga gidan abinci, shigewa yake ƙarƙashin kujera ya lafe, ko tsoka ce ta faɗo gabansa ba zai kula ba. Sau da yawa sai mai shi ya tashi tafiya sannan mutane su san da kare a wurin.

Doka ta tsaya wa wannan kare tsayin daka. A 1990 Shugaba George Bush babba ya sa hannu a kan dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka, wadda ake kira ADA a taƙaice. A ƙa'idojin da Ma'aikatar Shari'a ta sabunta a 2010, duk inda jama'a ke shiga, kare ma'aikaci zai shiga da mai shi: kanti, otal, asibiti, gidan abinci. Ba a cajin ƙarin kuɗi, ba a ware shi a lungu. Ko wani ya ce yana tsoron kare, ko gashin kare yana tayar masa da ciwo, wannan bai isa a hana makaho shiga ba, sai dai a nisanta su da juna. Abu biyu kawai ke sa a fitar da shi: in ya gagari mai shi, ko in yana ɓata wuri da kashi da fitsari.

To a nan ne gizo ke saƙar. Don kada a riƙa tozarta naƙasassu da bincike a kowace ƙofa, dokar ta ɗaure hannun mai kanti. Tambaya biyu kacal aka yarda ya yi: shin wannan kare na taimako ne saboda wata naƙasa? Kuma wane aiki aka horar da shi ya yi? Ba shi da ikon neman takarda, ba shi da ikon tambayar mutum ciwonsa, ba shi da ikon cewa a gwada aikin ya gani. Gwamnati ba ta da rajistar waɗannan karnuka, kuma dokar ba ta ce dole su sa wata riga ba. Niyya mai kyau ce ta haifi wannan sassauci, amma ta bar ƙofa a buɗe. Kowa na iya shiga intanet ya sayi 'yar rigar da aka rubuta "kare ma'aikaci" a jiki da kuɗi kaɗan, har da kati mai hoto da hatimin da ba shi da wata ma'ana a doka. Sai ya ɗaura wa karensa na gata, ya doshi kanti yana taƙama. Yaron kanti kuwa, da albashinsa bai taka kara ya karya ba, ba zai so ya jawo wa kansa ƙara a kotu ba. Sai ya kau da kai.

Wannan karen gata shi ne na biyu, kuma a kansa ake rigimar. An ma ƙirƙiro wani rukuni a tsakani, wato dabbar kwantar da hankali, wadda ba a koya mata komai ba, kasancewarta kusa kawai ke sanyaya wa mai ita rai. Dokar ADA ba ta san da ita ba, amma shekara da shekaru dokar sufurin sama ta bar ta ta hau jirgi kyauta in akwai wasiƙar likita. Da mutane suka gane haka, sai abin ya zama wasa. Aka riƙa zuwa da alade, da agwagwa, da talotalo. A Janairun 2018 wata mata ta iso filin jirgin Newark da ɗawisu, ta ce shi ne abokin tafiyarta, kamfanin United ya ce a kai kasuwa. A ƙarshen 2020 Ma'aikatar Sufuri ta rufe ƙofar: daga farkon 2021 kamfanonin jirgi na da ikon ɗaukar irin waɗannan dabbobi a matsayin dabbobin gida kawai, horarren kare kaɗai ke da haƙƙin shiga.

Kada a zalunci masu karnuka, su ma suna da hujjarsu. A manyan biranen can mutane da yawa su kaɗai suke zaune, babu mata, babu 'ya'ya, babu maƙwabcin da za a ce wa "don Allah duba min". Tsohuwar da 'ya'yanta suka watse, karen nan shi ne wanda take yi wa magana da safe. In ta bar shi a mota da zafi yana iya mutuwa, kuma a jihohi da dama laifi ne. In ta ɗaure shi a ƙofar kanti ana iya sacewa. Lokacin kullen korona a 2020 mutane da yawa sun sayi 'yan kwikwiyo don rage kaɗaici, karnukan suka tashi ba su taɓa wuni su kaɗai ba. 'Yan kasuwa kuma sun ga riba: mai kare in ya sami wurin da ake maraba da karensa, ba ya sauya sheƙa.

Ta fuskar lafiya ma, tsoron da mu za mu ji ba shi ne nasu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Amurka kuwa tun 2007 ta sanar da kawar da nau'in cutar da ke yawo tsakanin karnuka. Wanda ya tashi inda cizon kare kan zama ajali, in ya ga kare ya ja da baya, ba ƙauyanci ba ne, hankali ne. Su kuma da suka tashi cikin karnuka masu allurar rigakafi, ba su san wannan fargaba ba.

Amma rashin hauka ba ya hana cizo, ba ya hana gashi tashi, ba ya hana kare ɗaga ƙafa a jikin buhun shinkafa. Shi ya sa ƙa'idar abinci ta FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta hana shigar da dabbobi wuraren sayar da abinci, in ban da kare ma'aikaci. Sassaucin da aka yi na waje ne: Kalifoniya ta halatta karnuka a teburan farfajiya daga 2015, in mai wurin ya yarda, Niyok ta yi irin haka a shekarar, sannan FDA ta shigar da wannan cikin ƙa'idarta ta 2022. A Birtaniya babu dokar da ta hana kare zama inda ake cin abinci, kicin da ma'ajiya kawai aka hana, sauran kuma ra'ayin mai wuri ne. Ko can ɗin ma haƙuri yana da iyaka. Bayan jerin hare-haren da suka yi kisa, daga Fabrairun 2024 ya zama laifi a Ingila da Wales mutum ya mallaki nau'in karen da ake kira XL Bully ba tare da takardar izini ba, kuma ba a fita da shi sai da igiya da takunkumi.

Ni a ganina tsarin farfajiya shi ne adalci. Mai kare ya sami inda zai zauna da abinsa, mai asma da mai tsoro da mai ƙyama su sami inda za su ci abinci hankali kwance. Mai kanti ya rubuta a ƙofa ko yana karɓa ko ba ya karɓa, kowa ya san inda zai dosa. Abin da ba ni da uzuri a kansa shi ne rigar ƙarya. Masu yi suna ganin wayo ne marar cutarwa, alhali akwai wanda ke biyan kuɗinsa. Duk sa'ad da karen gata mai rigar aro ya yi haushi a kanti, ko ya zari nama daga faranti, wanda zai zo bayansa da karen gaskiya shi zai sha harara da tambayoyi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mafi muni, karen da ba shi da horo yakan far wa karen jagora yana tsakiyar aiki. Mai ido yana iya janye nasa, makaho kuwa ba ya ma ganin daga inda harin ya fito. Wani karen daga ranar ba ya sake aiki saboda firgita, shekarun horo sun tafi a banza, mai shi ya koma jiran layin samun wani kare. Kalifoniya ta mai da wannan ƙarya laifi mai hukuncin da ya kai wata shida a gidan yari ko tarar dala 1,000, jihohi da yawa ma sun yi dokoki irin wannan, sai dai kama mai laifin ne wuya, tunda tambaya biyu kawai aka yarda a yi masa.

Akwai inda maganar ta taɓo namu kai tsaye, wato 'yan'uwanmu da ke neman abinci a can, masu tuƙa tasi da masu shaguna. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa direban tasi ɗaukar makaho da karensa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wanda ya ƙi, tara na iya kaiwa fam 1,000, kuma lasisinsa na iya tafiya. Uzurin da aka yarda da shi na rashin lafiya ne kawai, shi ma sai da takardar hukuma tun kafin a hau hanya. Addini ba ya cikin uzuri, kuma an sha gurfanar da direbobi a kan haka.

Ko ta fuskar addinin ma, maganar ta fi yadda yawancinmu ke zato faɗi. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai ana ɗaukarsa ibada ce, ba don ƙazanta ba. Shafi'iyya ce ta tsananta. Abin da hadisi ya yi gargaɗi a kai shi ne ajiye kare ba da wata buƙata ba, ya kuma togace na farauta da na kiwo da na gona. Rabe-raben da dokar Amurka ta yi tsakanin kare mai aiki da karen sha'awa, ashe ba baƙo ba ne a wurin wanda ya yi karatun zaure.

A 2008 wannan tambaya ta taso a birnin Leicester na Birtaniya, inda wani matashi Musulmi makaho yake son zuwa jam'i da kansa ba sai an kai shi ba. Bayan tuntuɓa tsakanin ƙungiyar karnukan jagora da shugabannin Musulmin ƙasar, majalisar malamai ta ba da fatawa cewa karen na iya shiga harabar masallaci, amma ban da inda ake sallah. Aka keɓe masa wuri daga bakin shiga. Matashin ya ajiye shi a nan, ya cire takalmi ya shiga sahu, in an sallame ya fito ya tarar da shi yana jira.