Jarfa da zanen allura: zafin da ake daurewa da wanda ba a daurewa

Duk wanda ya taɓa zuwa Ingal a watan Satumba, lokacin da makiyaya ke taruwa da dabbobinsu domin lasar gishiri, ya ga matan Fulani Bororo da baƙin zane a gefen baki, da kunci, da goshi. Wannan ita ce jarfa. Ana tsaga fata da reza ko a sossoke ta da allura, sa'an nan a goga gawayi ko baƙin tukunya a wurin, in ya warke baƙin ya zauna har ƙarshen rai. A ƙasar Hausa aikin na wanzami ne, shi da ke yin tsagar gado, da ƙaho, da aski. A Mali, da Senegal, da Sudan kuwa, akwai matan da ake baƙanta wa leɓe ko dasashi da damin allurai ko ƙayoyi.

Tsagar gado ta ja baya ƙwarai a birane. Amma wani zanen ya shigo ta wata ƙofa, shi ne wanda ake yi da inji, wanda samari ke gani a jikin ƴan ƙwallo da mawaƙa, suke kiransa tatuwaj. Ko da aska aka yi ko da inji, tambayar mai son zane ɗaya ce: yaya zafinsa, kuma me ke rage shi? Amsar ita ce zafin iri biyu ne. Akwai na lokacin aiki, wanda ke da iyaka kuma ana iya sassauta shi. Akwai kuma wanda ke tasowa bayan kwanaki, wanda jama'a suka fi rainawa, alhali shi ne ke kai mutum gidan likita.

Dalilin zafin

Fatar mutum hawa-hawa ce. Hawan sama siriri ne, kullum yana saɓulewa yana sabuntawa, shi ya sa lalle ke gogewa bayan sati biyu ko uku. Zanen da ake so ya dawwama dole ya wuce wannan hawa, ya shiga na ƙarƙashinsa, zurfin milimeta 1 zuwa 2. To a nan ne ƙananan hanyoyin jini suke, a nan ne kuma bakin jijiyoyin da ke kai labarin ciwo zuwa ƙwaƙwalwa yake. Saboda haka babu zane mai dawwama da ba ya ratsa mazaunin zafi.

Injin zanen, wanda wani mutumin New York mai suna Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a shekarar 1891, yana soka allura fiye da sau dubu a minti guda. Kowane suka ƙaramin rauni ne. Jiki yana aiko da ƙwayoyinsa masu tsaro, su haɗiye baƙin da aka zuba, su zauna da shi a wurin. A shekarar 2018 masu bincike a birnin Marsey na Faransa sun nuna cewa in waɗannan ƙwayoyi suka mutu, sababbi ne ke zuwa su sake haɗiye baƙin, shi ya sa zane ba ya tafiya. Wato kumburi da ɗumin da ke bin aikin ba alamar kuskure ba ne, aikin jiki ne.

Ba ko'ina zafin yake daidai ba. Inda fata ta kwanta a kan ƙashi babu tsoka tsakani, kamar haƙarƙari, da ƙwauri, da idon sawu, da gwiwar hannu, da ƙashin baya, nan ne ya fi tsanani. Haka inda jijiyoyi suka yi yawa: yatsu, da tafin hannu, da hammata, da leɓe. Wannan ya nuna irin jimirin yarinyar da ake sossoke wa leɓe ko dasashi. Bayan damtse, da kafaɗa, da gefen cinya na waje sun fi sauƙi. Tsawon lokaci ma yana da nasa rabo: abin da mutum ya ɗauka da dariya a rabin awa na farko, bayan awa uku ba ya ɗaukuwa, domin allura tana komawa kan fatar da ta riga ta kumbura.

Wani abin mamaki shi ne, tun da daɗewa ɗan Adam yana neman maganin ciwo a cikin wannan ciwon. A shekarar 1991 an tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙarar duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya, wanda ya rayu shekaru wajen 5,300 da suka wuce. An ƙirga zane 61 a jikinsa, da yawansu a ƙugu, da gwiwa, da idon sawu, inda gaɓoɓinsa suka nuna alamar lalacewa. Wasu masana suna ganin magani aka yi masa da su, kamar dai tsagar da wanzami ke yi wa mai ciwon gaɓa.

Abin da ke sassautawa, da abin da ke ƙara ɓarna

Dabarun da suka fi amfani ba a sayensu a farmasi. Mutum ya yi barci sosai a daren da ya gabata, ya ci abinci awa ɗaya ko biyu kafin a fara, ya sha ruwa. Wanda ya zo da yunwa, ko ya zauna cikin zafin watan Afrilu babu iska, shi ne juwa ke ɗiba har ya suma. Mafi yawan suman da ake yi a hannun mai zane ba daga yawan jinin da ya zuba ba ne, daga fargaba ne da yunwa. In mutum ya ji gumi mai sanyi, ko idonsa ya fara duhu, a tsai da aiki, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa. Jan numfashi a hankali yana taimako, riƙe numfashi kuwa yana ɗaure jiki ya ƙara zafi. Hira ma tana ɗauke hankali. Tsofaffin da ke kewaye yarinya da waƙa da tafi ranar jarfa sun san abin da suke yi. Babban zane kuma a raba shi zama biyu ko uku, da hutun makonni a tsakani.

Maganin da ya dace shi ne farasitamol. Babba mai lafiyar hanta yana iya shan gram 1 a lokaci guda, kada ya wuce gram 3 a yini in ba likita ya ce ba, kuma a bar awa 6 tsakanin sha da sha. Ba ya kashe zafin allura, amma yana rage zogin da ke biyo baya. Asfirin kuwa a guje shi kafin aiki, domin yana hana jini daskarewa har tsawon kimanin sati guda. Jini ya yi ta tsattsafowa yana wanke baƙin, mai zane ya yi ta maimaita wuri ɗaya, zafi ya ninku. Giya ma haka take yi, ga ta kuma da hana mutum zama wuri ɗaya.

Sai tramol, wanda ya zama annoba tsakanin matasa a Nijar da maƙwabtanta. Magani ne na ciwo mai tsanani da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Wanda ake sayarwa a tebur da kan keke sau da yawa ƙarfinsa ya wuce na asibiti, yana sa mutum faɗuwa da jijjiga kamar mai farfaɗiya, yana kuma kama mai shansa ya kasa bari. Saurayin da ya haɗiye shi don ya nuna jarunta a gaban abokai ya sayi wahalar shekaru domin gudun zafin awa biyu.

Akwai man shafawa mai kashe jin fata, irin su EMLA, wanda ke ɗauke da lidokayin da firilokayin. Ana shafa shi a kan lafiyayyar fata, a rufe, a jira awa guda. Yana aiki a ƙaramin wuri, amma ƙarfinsa yana gushewa tun ba a gama dogon zane ba, sai zafin ya dawo gaba ɗaya. Haɗarinsa yana wajen yawaitawa. A shekarar 2007 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutuwar ƴan mata biyu da suka shafe ƙafafunsu da irin wannan mai, suka naɗe da leda, kafin a cire musu gashi. Maganin ya ratsa fata ya shiga jini. Saboda haka ba a shafa shi a wuri mai faɗi, ba a shafa shi a kan rauni, kuma sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Zafin da ba a daurewa

Al'ada tana yabon dauriya. Bafulatani yana da fulako, Bahaushe yana da kunya, yarinyar da ta yi kuka a hannun wanzami ana yi mata gori har ta girma. A lokacin aiki wannan bai cutar da kowa ba. Matsalar ita ce, wanda aka koya wa shiru ranar farko yakan ci gaba da shiru ranar biyar, lokacin da shirun ya zama haɗari.

Ga yadda warkewa ta gari take: kwana biyu ko uku na farko wurin yana raɗaɗi kamar ƙuna, yana ɗan kumburi, yana fitar da ruwa-ruwa. Daga nan kullum zafi yana raguwa, ɓawo ya fito, ƙaiƙayi ya biyo, cikin sati biyu zuwa huɗu fatar sama ta rufe. Abin da ake bukata shi ne a wanke hannu, a wanke wurin da sabuni da ruwan da aka tafasa ya huce, sau biyu a yini, a bar shi ya bushe, a shafa mai mai tsabta kaɗan. Kada a ɓamɓare ɓawon, kada a sosa, kada a shiga tafki ko gulbi, a kare wurin daga rana da ƙura. Toka, da ƙasa, da kashin shanu, da man birki, duk babu wanda ya dace da buɗaɗɗen rauni.

Ma'aunin da kowa zai iya riƙewa shi ne wannan: zafin da ke raguwa na warkewa ne, zafin da ke ƙaruwa bayan kwana uku na cuta ne. In kumburi yana faɗaɗa, ko wurin ya yi zafi da tauri, ko mugunya ta fito da wari, ko kaluluwa ta taso a hammata ko matsematsi, ko masassara ta kama mutum, to ranar nan za a tafi gidan likita, ba gobe ba. A baƙar fata jan da littattafan likita ke ambata ba ya fitowa sosai, don haka hannu ya fi ido gane ciwon: a taɓa, a ji ɗumi da tauri. In kuwa muƙamuƙi ya fara ƙagewa, ko wuya ya sandare, tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan aiki, wannan alamar tetanos ce, cuta mai kisa da ke shiga ta raunin da ƙasa ko ƙazamin ƙarfe ya taɓa. Mai ciwon sukari, da mai amosanin jini, da mai juna biyu, da wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, su ga likita tun kafin su yi shawarar zane.

Akwai kuma cutar da ba ta zuwa da zafi ko kaɗan a farko. Aska ɗaya ko allura ɗaya da ta bi mutane da yawa tana ɗaukar ciwon hanta iri na B da na C, tana kuma iya ɗaukar sida. Ƙwayar ciwon hanta na B tana rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jinin da ido ba ya gani, kuma goge aska da tsumma ko tsoma ta a ruwa ba ya kashe ta. Allurar rigakafin wannan ciwo ta shiga cikin na jarirai a Nijar a shekarar 2008, ke nan yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Reza sabuwa ga kowane mutum, a buɗe ta a gabansa, allura sabuwa, baƙin da aka zuba wa wani ba a mai da shi kwalba, mai aiki ya sa safar hannu. A nan ma'aikatan lafiya na karkara da sarakunan aska suna da abin tattaunawa, domin wanzamin da ya gane dalili ba ya ƙin sabuwar reza, kuma kuɗinta bai kai na goro ba.

Wasu jikkunan kuma ba sa yafe rauni. Tabon yana tasowa ya yi tudu mai tauri, ya wuce iyakar inda aka yanka, yana ƙaiƙayi yana zogi shekara da shekaru. Wannan ya fi samun baƙar fata, ya fi kuma fitowa a ƙirji, da kafaɗa, da kunne. Wanda hujin kunne ko tsohon rauni ya taɓa bar masa irin wannan tudu, ko yana cikin danginsa, zane ba nasa ba ne.

Game da yara ƙanana, su ba a tambaye su ba, ba su kuma iya faɗin inda ke musu ciwo, ga jininsu kaɗan ne. Yawancin malaman Musulunci sun hana zane mai dawwama, bisa hadisan da ke cikin Buhari da Muslim, sun halatta lalle. Sai dai lallen ma a lura: na gargajiya ja ne, ba ya cutarwa ga yawancin mutane, amma baƙin da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi yana ƙona fatar wasu, ta yi bororo, ya bar tabo a siffar zanen.

Wanda ya yi zane ya dawo yana nadama, ya sani cirewa ta fi sawa wuya. Ana yi da na'urar haske mai suna leza, wadda ke farfasa baƙin domin jiki ya kwashe shi kaɗan-kaɗan. Ana bukatar zama da yawa, da makonni tsakanin kowane zama, ga tsada, kuma masu yi suna kwatanta zafinsa da fallatsar tafasasshen mai. A baƙar fata hasken ba ya bambanta baƙin zane da baƙin jiki sosai, don haka wani lokaci zanen yana tafiya ya bar wurin ya yi fari, ko ya fi sauran jiki duhu. Masu ƙoƙarin cirewa a gida da ruwan batir, ko guga mai zafi, ko kankarewa da reza, ƙuna suke samu, kuma sau da yawa baƙin yana nan a ƙarƙashin tabon.