Hattara da Hayaƙin Man Tsirrai a Injinan Kura da Bunkure

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, manoman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam ke neman abin da zai rage musu kuɗin tayar da inji. Man gas kuwa dama ya daɗe da tsada. Shi ya sa maganar man gas na tsirrai, wanda ake haɗawa daga 'ya'yan bini da zugu ko tsohon man suya, take samun masu saurare. Ana cewa ai daga shuka ya fito, hayaƙinsa ba ya cutarwa. Wannan magana ƙarya ce, kuma tana iya kashe mutum.

Man da aka sarrafa bisa ƙa'ida yakan rage baƙar toka, gaskiya ne. Amma iskar naitrojin oksayid, mai ƙona hanyar numfashi da tayar da asma, ba ta raguwa, sau da yawa ma ƙaruwa take. A shekarar 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa hayaƙin injin gas yana haddasa sankarar huhu. Gauraya man gas da man tsirrai ba ya wanke shi daga wannan laifi. Ɗanyen man suya da aka tuttula a tanki ba tare da sarrafawa ba ya fi muni, domin ba ya ƙonewa sosai, hayaƙinsa yaji ne a ido da maƙogwaro.

A leƙa rumfar injin casa lokacin kakar shinkafa. Rufin kwano ne, taga ƙarama, bututun hayaƙi a gajarce yana fesowa daidai fuskar yaron da ke juye buhu. Ƙurar ƙaiƙayi ta cika ɗakin, hancinsa ya yi baƙi, da yamma yana tari ana cewa mura ce. Mata masu jiran shinkafarsu suna zaune a bakin ƙofa da goyo. Su ke shaƙa, ba mai injin ba.

Haɗa man a gida kuma wata masifar ce. Ana amfani da methanol, wanda ke makantar da mutum, da soda mai cin fata. Ragowar da ta kwanta a gindin ganga in aka zubar a magudanar da ke kawo ruwan madatsar Tiga, ta shiga ruwan da ake ba tumatir da albasa, wanda shanu ke sha, yara ke wanka a ciki.

Masu injina, ku ɗaga bututun hayaƙi ya wuce rufi, ku huda tagogi, ku daina zuba man da ba ku san asalinsa ba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su hana zubar da kowane irin mai a magudana. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu kuma a kai shi asibiti a duba ƙirjinsa.